Kafin Laraba

Bazara ta kai wuya a Ɗorayi.
Kwanon rufi yana ƙara da tsakar rana kamar mai yin miƙa,
ni kuwa ina durƙushe a bayan gida da 'yar fartanya,
ina tonon ƙasar da Lantana ta bari,
shekara uku ba wanda ya taɓa.

Ƙasar ta ƙeƙashe, kamar tana fushi da ni.
Na tono ledar ruwa, da murfin kwalba, da rabin cokali,
da warin ɗan kunnenta,
wanda muka yi ta nema har muka haƙura.
Na goge shi da bakin riga, na sa a aljihu.

Takin tumaki buhu biyu, Mati mai kura ya kawo.
Irin rama da kuɓewa daga Yankaba, a ƙulle cikin takarda.
Zogalen da na zaci ya mutu, ashe lamɓo ya yi:
na sare masa kai, sai ga tofo.

Ran Laraba za a kawo ta.
Sagiru mai faci ne ya tsamo ta daga kwalbati
can wajen Kabuga, ƙafar baya a karye,
igiya ta ci wuyanta har ta bar zobe.
Ni fa maganin kaji na je saye.
Likitar dabbobi ta ce, "Baba, sati shida tana nan,
ta warke, amma ba mai so."
Ta dube ni ta ƙasan ido.
Ba ta kaɗa wutsiya ba, ba ta roƙi komai ba,
wannan ne ya kama ni.

Na tayar mata da ɗaki a gindin darbejiya,
bulo goma sha huɗu, fallen kwano ɗaya,
nesa da randa, nesa da inda nake shimfiɗa dadduma.
Na tambayi liman, ya ce mai gadin shuka ba laifi,
a dai ware mata kwanonta.
Na ware, tsohuwar tasa mai lotsattsen baki.

Malam Mudi ya leƙo ta saman katanga:
"Kare? Da tsufanka?"
Na ce karya ce.
Ya ce, "To ai abin ya daɗa muni."
A nan na sami sunanta: Ƙyale-su.
Jikata Ummita ta rubuta shi da gawayi a jikin bulo,
wasalin ƙarshe ya gangaro ƙasa don wuri ya ƙare.

Na kwashe maganin ɓera daga bayan buhuna,
na tsince fasassun kwalabe,
na toshe kafar da ke ƙarƙashin ƙyaure,
na kewaye kunyoyi da karan dawa
don na ji an ce masu irin tarihinta akwai tono.

Abu ɗaya ne ya yi mini wuya.
Likita ta ce tana tsoron sanda,
ko tsintsiya aka ɗaga sai ta kwanta tana rawar jiki.
To, na jingine tawa a zaure.
Kwana huɗu ke nan ina koyon ratsa tsakar gida
hannu a bango, taku ɗai-ɗai.
Gurgu zai tarbi gurguwa, kowa ya riƙe sirrin kowa.

Yau Talata, bayan isha'i,
hadari ya haɗo ta gabas, iska ta kaɗa ƙyaure,
ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa.
Irin yana nan cikin takarda,
Lantana ba ta shuka a ruwan farko, ni ma ba zan yi ba.

Da aka fara yayyafi na fita da tocila,
na durƙusa, na zura hannu cikin ɗan ɗakin,
na shafa buhun da na shimfiɗa, kusurwa zuwa kusurwa.
A bushe yake.
Na daɗe a nan, ruwa na dukan bayana,
kafin in tuna ba ni da sandar da zan dafa in tashi.